Injin gas a hannun dama, injin iska a hannun hagu: ina Siemens Energy ya dosa?

Kamfanin da yake ƙera manyan injinan ƙona gas, yake kuma gyaran tsofaffin tashoshin kwal, zai iya bugun ƙirji ya ce da shi ake yaƙin rage ɗumamar duniya? Tambayar da ake ta jefa wa Siemens Energy na ƙasar Jamus ke nan tun da aka kafa shi a 2020. Masu fafutukar kare muhalli suna cewa raba ƙafa yake yi, yana tallan iska alhali cinikin gas ne ke ciyar da shi. Injiniyoyi da masu tsara harkar wuta kuwa suna cewa in aka cire irin waɗannan kamfanoni, maganar sauyin makamashi a takarda za ta ƙare. A Najeriya ruɗanin wani iri ne daban. Tun da aka sa hannu kan abin da ake kira yarjejeniyar Siemens a 2019, mutane da yawa sun ɗauka kamfanin wuta zai kawo, kamar yana da ita a ajiye.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Sai dai a ganina gardamar ta fi karkata kan injinan da ake nunawa a hotuna, ta bar inda aikin kamfanin ya fi nauyi, wato waya da taransifoma da tashoshin rarraba wuta. Kafin mu kai can akwai abubuwan da ya kamata a warware.

Wace wuta ce mai ƙarancin hayaƙi?

Wutar da ke bin waya iri ɗaya ce ko daga ina ta fito. Bambancin yana wurin samar da ita. Masana suna auna yawan iskar kabon da ake saki sama kafin a samu kilowat ɗaya na awa guda, wato yunit ɗaya a mitar gidanka. Lissafin yana haɗawa har da haƙo ma'adinai da sumunti da ƙarfen da aka gina tashar da su. A ƙiyasin da kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2014, kwal yana sakin kusan giram 820 a kowane yunit, tashar gas ta zamani kusan 490, manyan filayen sola 48, madatsar ruwa 24, nukiliya 12, iska kuma 11 zuwa 12.

Abu biyu ne suka fito fili a nan. Babu wutar da ba ta da hayaƙi sam, shi ya sa ake cewa mai ƙarancin hayaƙi. Sannan gas ba ya cikin wannan rukuni. Ya fi kwal dama-dama, amma tsakaninsa da iska ko rana akwai tazara mai nisa. A 2024 hanyoyin nan masu ƙarancin hayaƙi sun samar da kusan kashi 40 cikin 100 na wutar duniya, kwal yana riƙe da wajen kashi ɗaya bisa uku, gas kuma kashi ɗaya bisa biyar da 'yan kai. Sauyin da ake magana shi ne rage kason kwal da gas a daidai lokacin da buƙatar wuta ke ƙaruwa, don motoci da girki da ɗumama gidaje duk ana so su koma kan lantarki.

Siemens ba ya sayar da wuta

Tushen kamfanin ya koma 1847, lokacin da Werner Siemens da Johann Georg Halske suka buɗe shagon ƙera na'urar tangaraho a Berlin. A 1866 Werner Siemens ya gano hanyar ƙera janareta mai ƙarfi, kuma tun daga nan gidan yake cikin harkar lantarki. A watan Satumba na 2020 uwar kamfanin, wato Siemens, ta ware sashen makamashi ya tsaya da ƙafarsa a kasuwar hannun jari ta Frankfurt, ƙarƙashin jagorancin Christian Bruch. Shi ne Siemens Energy, mai ma'aikata wajen dubu ɗari a ƙasashe fiye da 90. Kamfanin da kansa yana cewa kusan kashi ɗaya bisa shida na wutar duniya da kayansa ake samar da ita.

Matsayinsa irin na maƙeri ne a garin manoma. Ba shi da gona, ba ya shuka, amma garmar da ya ƙera ita ke juya ƙasa, kuma abin da manoma suka zo saye shi yake ɗorawa a maƙera. Masu tashoshin wuta da gwamnatoci da kamfanonin da ke kula da manyan layuka su ne masu saye. Su ke yanke shawarar ko tashar gas za a gina ko filin injinan iska.

Wannan matsayi yana da nasa nauyin. Kamfanin ya yi alkawarin cewa nan da 2030 masana'antunsa da ofisoshinsa ba za su ƙara wa duniya hayaƙi ba, kuma ya koma sayen wuta mai tsafta don ayyukansa. Abu ne mai kyau, amma ɗigo ne a cikin lissafin. Fiye da kashi 99 cikin 100 na hayaƙin da ake jingina wa kamfanin yana fitowa ne daga injinan da ya sayar, a hannun waɗanda suka saya, tsawon shekarun da za su yi suna aiki. A wannan ɓangare alkawarinsa ragin kashi 28 cikin 100 ne nan da 2030 idan aka kwatanta da 2019. Duk mai son auna gaskiyar kamfani irin wannan, littafin cinikinsa zai duba, ya ga me aka yi oda kuma shekara nawa zai yi yana aiki.

Rabuwa da kwal

A farkon 2020, watanni kafin a ware kamfanin, matasa masu zanga-zangar yanayi a Jamus sun taso uwar kamfanin a gaba saboda kwangilar na'urorin layin dogo na wata mahaƙar kwal ta kamfanin Adani a Ostireliya. Kwangilar ƙarama ce a ma'aunin Siemens, wajen yuro miliyan 18, amma ta jawo masa zubewar mutunci. Shugaban kamfanin na lokacin, Joe Kaeser, har ya yi wa jagorar matasan, Luisa Neubauer, tayin kujera a majalisar sa ido ta sabon kamfanin makamashin. Ta ƙi karɓa, shi kuma bai soke kwangilar ba.

A watan Nuwamba na shekarar, Siemens Energy ya sanar cewa ya daina neman kwangilar sababbin tashoshin da kwal zalla suke ƙonawa. Kwangilolin da aka riga aka ƙulla ya ci gaba da su, gyara da sayar da kayan gyara ga tsofaffin tashoshi ma bai daina ba. Masu suka suna cewa gyaran yana tsawaita ran tashoshin. Kamfanin yana cewa tashar da aka gyara ta fi wadda aka bari ƙarancin cin kwal. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kasuwar sababbin tashoshin kwal a wajen Chaina da Indiya ta riga ta yi sanyi a lokacin, bankuna suna janye jiki, don haka ficewar ba ta ci wa kamfanin wani abin a-zo-a-gani ba.

Injinan iska: sauri ya haifi nawa

A nan ne kamfanin ya zuba jari da gaske, a nan kuma ya sha wuya. A 2004 Siemens ya sayi wani kamfanin Danmak mai suna Bonus, wanda shi ya ƙera injinan filin iska na farko da aka kafa a cikin teku, a Vindeby, a 1991. Injina 11 ne, kowanne bai kai rabin megawat ba (megawat ɗaya kilowat 1,000 ne). A 2017 aka haɗa sashen da kamfanin Gamesa na Sifaniya, aka samu Siemens Gamesa. Yau injinsa na teku guda ɗaya yana ba da megawat 14, kuma kowane fiffike na farfelarsa ya haura mita 100, ya fi filin ƙwallo tsawo. A cikin shekara 30 ƙarfin inji ɗaya ya ninka sau 30. Wannan ci gaba yana cikin dalilan da suka sa wutar iska ta yi araha har ta iya gogayya da kwal.

Amma gasar ta yi zafi fiye da kima. Gwamnatoci sun koma yin gwanjo, wanda ya yi tayin wuta mafi araha shi ke samun izini. Masu gina filayen suka matsa wa masu ƙera injina, su kuma suka shiga rige-rigen fito da sabon samfuri mafi girma tun ba a gama gwada na baya ba. An ƙulla kwangiloli kan farashi tsayayye, sai annobar korona da yaƙin Yukren suka tayar da kuɗin ƙarfe da na sufuri, kuɗin ruwan bashi ma ya hau. A 2022 manyan masu ƙera injinan iska na Turai da Amurka, har da Vestas da GE, duk asara suka tafka.

Na Siemens Gamesa ya fi muni. A watan Yuni na 2023 aka bayyana cewa sababbin injinansa na tudu, samfurin 4.X da 5.X, suna da matsala a fikafikai da kuma a bori-borin da ke riƙe sandar juyawa. A rana ɗaya darajar hannun jarin Siemens Energy ta faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa uku. An dakatar da sayar da samfuran, kuma kamfanin ya rufe shekarar da asarar kusan yuro biliyan 4.6. Bankuna suka fara ɗari-ɗari da tsaya masa. A watan Nuwamba gwamnatin Jamus ta shiga da lamunin yuro biliyan 7.5 cikin wani shiri na biliyan 15. Ba tsabar kuɗi aka ba shi ba. Manyan kwangiloli suna buƙatar wanda zai tsaya wa kamfani idan ya gaza cika alkawari, gwamnati ta zama mai tsayawar.

Wanda ya ce kamfanin tallan iska kawai yake yi, ya dubi wannan asara. Ba a zubar da biliyoyi don talla. Amma wanda ya ce kamfanin ya riga ya zama na makamashi mai tsafta shi ma ya duba da kyau, domin ribar gas da ta kayan layin wuta ce ta riƙe shi a shekarun da sashen iska ke zubar da jini. Ga kuma kamfanonin Chaina irin su Goldwind da Envision da Mingyang suna sayar da injina da araha. A harkar sola ma tuni Siemens ya janye tun 2012, kuma yau fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan sola na duniya a Chaina ake yin su.

Gas: gada ce ko tarko?

Babban injin gas na kamfanin, irin wanda ake ƙerawa a Berlin, nauyinsa ya haura tan 400. Yana zuƙar iska ya matse ta, a haɗa da gas a kunna, zafin da ya kai wajen digiri 1,500 ya bugi fikafikan ƙarfe su juya janareta. Hayaƙin da ya fita da sauran zafinsa ba a barinsa ya tafi a banza, ana dafa ruwa da shi, tururin ya juya inji na biyu. Da wannan dabara ake mayar da fiye da kashi 60 cikin 100 na ƙarfin gas ɗin wuta, alhali yawancin tashoshin kwal ba sa kai kashi 40. A Masar, Siemens ya gina irin waɗannan tashoshi uku, a Beni Suef da Burullus da sabon babban birnin ƙasar, jimillar megawat 14,400, aka kammala a 2018 cikin ƙasa da shekara biyu da rabi.

Hujjar masu goyon bayan gas tana da ƙarfi. Rana tana faɗuwa, iska tana kwantawa. A hunturun Jamus akan samu kwanaki a jere sama ta rufe, iska ba ta motsi. Haka ta faru a Nuwamba da Disamba na 2024, har farashin wuta a kasuwar sari ya doshi yuro 1,000 kan megawat ɗaya na awa guda a wasu sa'o'i. Batir yana iya riƙe awanni, bai kai ga riƙe ƙasa guda na mako ba tukuna. Jamus ta rufe tashoshin nukiliyarta uku na ƙarshe a watan Afrilu na 2023, ta kuma yi dokar rabuwa da kwal nan da 2038. Dole a samu abin da za a tayar cikin mintuna idan aka shiga irin wannan hali. Birtaniya ma da gas da iska ta jingina har ta rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe a watan Satumba na 2024.

Hujjar masu adawa ita ma ba ta wasa ba ce. Tashar gas takan yi shekara 30 ko fiye tana aiki, don haka wadda aka gina yau za ta kai bayan 2050, alhali Jamus ta ce nan da 2045 za ta daina ƙara hayaƙi. Wanda ya ci bashi ya gina tasha ba zai so ta zauna jiran ranar da iska ta kwanta ba, so yake ta yi ta aiki ya mayar da kuɗinsa. Sannan gas ɗin kansa iskar metan ce, wadda idan ta yoyo daga rijiya ko bututu ba a ƙona ta ba, ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na kabon kusan sau 80 a cikin shekara 20. Yoyon da bai taka kara ya karya ba yana iya cinye rabin fifikon da gas yake da shi a kan kwal.

Amsar kamfanin ita ce haidurojin, wata iska da ke ƙonewa ba ta sakin kabon: injinan za su koma ƙona haidurojin da aka samar da wutar iska ko rana. An gwada kuma ya yi aiki. A 2023, a wata masana'antar takarda da ke Saillat-sur-Vienne a Faransa, an tafiyar da ƙaramin injin Siemens da haidurojin zalla. A shekarar ce kuma kamfanin ya buɗe masana'antar ƙera na'urorin raba ruwa don samar da haidurojin a Berlin, tare da kamfanin Air Liquide. Matsalar ita ce haidurojin mai tsafta yana da tsada, ba shi da yawa, kuma masana'antun taki da na ƙarfe sun fi tashar wuta buƙatarsa. Inji ya iya ƙona abu daban, samun abin da za a zuba masa daban.

Yanzu kuma wani sabon mai saye ya shigo. Manyan cibiyoyin ajiye bayanai na intanet, musamman masu ɗauke da ƙirƙirarriyar basira a Amurka, suna son wuta dare da rana kuma ba sa son jira. Kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwar manyan injinan gas, Siemens Energy da GE Vernova da Mitsubishi, kuma duk ukun oda ta yi musu yawa har mai saye sai ya jira shekaru. Wannan shi ya fi damuna a lamarin. Injin da aka saya don maye gurbin kwal yana rage hayaƙi. Wanda aka saya don sabuwar buƙata ƙari ne a kan abin da ake da shi.

Waya da taransifoma, inda aikin ya fi nauyi

Tsohon tsarin wuta an gina shi ne kusa da mahaƙar kwal da manyan birane. Sabon tsarin yana bin inda iska da rana suke, kuma sau da yawa nesa suke da masu buƙata. A Jamus iska tana arewa, bakin teku, manyan masana'antu kuma suna kudu. Idan iska ta kaɗa sosai layukan ba sa iya ɗauka, sai a tsayar da injinan iska a arewa, a tayar da na gas a kudu, a biya ɓangarorin biyu. Wannan yana cin biliyoyin yuro a shekara, kuma masu biyan kuɗin wuta ne ke ɗauka. Babban layin SuedLink mai tsawon wajen kilomita 700, wanda zai warware wani ɓangare na matsalar, an so a gama shi a 2022. Mazauna yankunan suka ƙi yarda da turaku, aka koma binne wayar a ƙasa, yanzu ana maganar 2028.

Ba Jamus kaɗai ba ce. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa sai an shimfiɗa ko an sabunta layukan wuta na kilomita miliyan 80 nan da 2040, kwatankwacin duk abin da duniya take da shi yanzu. Ta kuma ce ayyukan iska da rana na megawat miliyan 1.5 da suka yi nisa a shiri suna layi suna jiran a haɗa su.

Kayan wannan aiki kamfanoni ƙalilan ne ke iya ƙera su, irin su Siemens Energy da Hitachi Energy da GE Vernova. Don kai wuta nesa ko ta ƙarƙashin teku, ana juya ta daga wuta mai kaiwa da komowa zuwa mai tafiya miƙe ɗaya, a sake juyo ta a ɗaya bakin. Asarar hanya kusan kashi 3 cikin 100 ce a kilomita 1,000. Layin Viking Link da ya haɗa Birtaniya da Danmak, mai kilomita 765 da ƙarfin megawat 1,400, ya fara aiki a ƙarshen 2023, kuma Siemens Energy ne ya gina tashoshin juyin da ke bakinsa biyu. Idan iska ta yi yawa a wannan ƙasa sai a tura wa waccan.

Akwai wata matsala da ba kowa ya san da ita ba. Duk mai ƙaramin janareta ya san yadda muryarsa ke sauka idan aka jona dutsen guga, ya yi kamar zai mutu kafin ya farfaɗo. Haka yake faruwa a layin ƙasa baki ɗaya idan wata babbar tasha ta faɗi. Wutar Turai, kamar ta Najeriya, tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma in ta kauce da yawa komai zai ɗauke. A tsohon tsari, nauyin manyan ƙarafan da ke juyawa a tashoshin kwal da gas shi ke riƙe layin na 'yan daƙiƙu kafin a kawo ɗauki. Farantin sola ba shi da abin da ke juyawa. Don haka in an rufe tashar kwal sai an maye gurbin wannan nauyi. A tashar Moneypoint ta ƙasar Ayalan, Siemens Energy ya kafa wani inji da ba ya ƙona komai, ba ya kuma samar da wuta. Ƙaton faifan ƙarfe ne mai nauyin fiye da tan 130, yana juyawa sau 3,000 a minti cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, aikinsa kawai ya daidaita layin don Ayalan ta iya ɗora ƙarin wutar iska. Ɗaukewar wutar da ta jefa Sifaniya da Fotugal cikin duhu ranar 28 ga Afrilu 2025 ta nuna muhimmancin irin wannan aiki, domin binciken gwamnatin Sifaniya ya ɗora laifin kan gazawar daidaita ƙarfin wuta a layi.

Kayan layin ma suna da nasu aibin. Manyan makunnan tashoshi an daɗe ana cika su da wata iska mai suna SF6 don hana tartsatsi. Kilo ɗaya nata yana ɗumama duniya kamar kilo 23,500 na kabon, kuma takan yi shekaru dubbai a sama. Siemens Energy yana cikin waɗanda suka fito da makunnai marasa ita, Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2024 ta rage amfani da ita mataki-mataki. Dokar ce ta sa masu saye suka fara neman sabon samfurin da gaske.

Taransifoma kuwa ta zama abin nema ruwa a jallo. Babbar taransifoma ba a ɗauko ta a kanti, kowace ana ƙera ta ne daidai da wurin da za ta zauna, da tagulla da wani ƙarfe na musamman da masana'antu kaɗan ke yi, kuma naɗin wayarta har yau da hannun ƙwararru ake yin yawancinsa. Mai oda yanzu yakan jira shekara uku zuwa huɗu. A nan gudunmawar kamfanin ba ta da gardama: duk taransifomar da ya fitar da wuri, wani filin sola ko iska ya fita daga layin jira.

Wa ke biya, wa ke amfana?

Ga talakan Turai sakamakon gauraye ne. Wutar iska da rana tana da arahar samarwa, amma kuɗin gina layuka yana hawa kan takardar biyan wuta. Jamus ta haura rabin wutarta daga hanyoyi masu sabuntuwa a 2023, tana neman kashi 80 cikin 100 nan da 2030, kuma har yanzu gidajenta suna cikin masu biyan wuta mafi tsada a Turai. Ma'aikata ma sun ji a jikinsu. A 2021 Siemens Energy ya sanar da rage guraben aiki 7,800, yawanci a sashen gas da tururi, yayin da garuruwa irin su Hull a Ingila, inda ake ƙera fikafikan injinan teku tun 2016, suka samu sababbin ayyuka. Wanda ya rasa aiki a wannan gari ba lallai shi ne ya samu a wancan ba.

Abin da ya shafi Najeriya

Siemens ba baƙo ba ne a harkar wutar Najeriya. Injinansa ne a tashar Geregu ta jihar Kogi da ta Azura a jihar Edo. Tarihinsa ma ba fari tas ba ne, don a 2008 uwar kamfanin ta biya tarar kusan dala biliyan 1.6 a Amurka da Jamus kan cin hanci a ƙasashe da dama, har da kwangilolin sadarwa a Najeriya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da 'yan ƙasa za su nemi a bayyana musu kowace kwangila dalla-dalla.

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Abuja a watan Yuli na 2019, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, ta yi hasashen kai wutar da ke isa ga jama'a megawat 7,000 a 2021, 11,000 a 2023, sannan 25,000 a 2025. Duk wa'adin sun wuce, layin ƙasa yana nan yana lilo tsakanin 4,000 da 5,000 da 'yan kai. A Disamba 2023, a taron yanayi na Dubai, an sake ƙulla yarjejeniyar gaggauta aikin a gaban Shugaba Bola Tinubu da shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Olaf Scholz. Abin da matakin gwaji ya kawo shi ne manyan taransifomomi 10 da tashoshin tafi-da-gidanka 10.

Matakan farko na wannan shiri, gyaran hanyar wuta ne aikinsu. Ƙasar tana da tashoshin da a takarda suka kai wajen megawat 13,000, yawancinsu na gas, sauran na ruwa a Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Abin da ke hana wutar isa gida ya haɗa da raunin layuka, ƙarancin gas, da bashin da ya dabaibaye kamfanonin rarrabawa. Siemens yana iya taɓa na farko kawai.

Duk da haka wannan na farkon yana da alaƙa kai tsaye da maganar hayaƙi. Duk awar da aka ɗauke wuta, masu walda da masu niƙa da asibitoci janareta suke tayarwa, kuma yunit ɗin da ƙaramin janareta ya bayar ya fi na tashar gas hayaƙi da tsada. Najeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da 2060 za ta daina ƙara hayaƙi, kuma hasken ranar da za a dogara da shi a arewa ya fi ƙarfi. A 2016 an ƙulla yarjejeniyar sayen wuta da kamfanonin sola 14, jimillar fiye da megawat 1,000, yawancinsu a jihohin arewa. Taƙaddamar farashi da ta lamunin gwamnati ta hana a gina su. Filin injinan iska na Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, ya shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa a kansa. A watan Oktoba na 2024 kuma yawancin jihohin arewa sun kwana fiye da mako guda a duhu saboda lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a ɗaya layin da ke ratsowa ta Binuwai. Yankin da layi biyu suka isa su jefa shi duhu ba zai iya karɓar manyan filayen sola ba sai an ƙarfafa layukansa.

Ga kuma layin jiran da aka ambata. Taransifomar da Najeriya ke nema ita kamfanonin Amurka da Jamus ke nema, su da dala da yuro a hannu, mu da naira da bashi. Duk jinkirin da aka yi wajen biyan kuɗi ko fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa yana iya mayar da oda baya da shekara.

Gidaje da shaguna da suka gaji da jira sun kama gabansu, suna ɗora farantan sola na Chaina a rufi, da batir da inbata, ba tare da Siemens ko gwamnati ba. Wannan ya wadatar da fanka da firji da cajin waya. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, da abin da ya rage na masaƙun Kakuri a Kaduna, injinansu sun fi ƙarfin rufin kwano. Su sai da babban layi mai ƙarfi, da taransifomar da ba ta ƙonewa, da tashar da za ta riƙe su bayan magariba.